Akuyar da Ta Ƙi Cin Fure

Da aka miƙa wa akuyar jan furen a zauren mai unguwa, sai ta shinshina, ta kau da kai. Nan take gumi ya karyo wa malamin makarantar da ya kawo ƙararta.

Daga Gusau ya ɗauko shukar nan, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ya dasa ta cikin tsohuwar randa a ƙofar gidansa a Kaura Namoda. Safe da yamma yana ba ta ruwa, rani da damina tana fure. Amma kullum ya taso daga makaranta sai ya tarar an tsinke. Wa zai yi ɗauke-ɗauke a zamanin da kowa ke tattalin hannunsa? Sai dai akuyar maƙwabci.

"To, Malam, akuya ta wanke kanta," in ji mai unguwa. "Amma tsakaninka da Allah, maganin mi ne?"

"Ba magani ba ne, ranka shi daɗe. Ado ne, kallo kawai ake yi."

Mai akuya ya dafe ciki. Ladanin unguwa da ke zaune gefe ya ce, "Mai ilimi kamarka shi sayi ruwan garwa don kallo? To, mu da muka jiƙa muka sha fa?"

Mai unguwa ya cire hula zai share gumi, sai busassun furanni suka zubo masa a cinya.

"Ni dai," ya ce, yana tsince su, "ciwon kaina ya yi sauƙi."