Gudun Baba Iliyasu

Raihana tana shanya albasa a tsakar gida lokacin da ta ji baburan. Ranar kasuwar Goronyo ce, yawancin maza sun tafi, har da mijinta Kabiru, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen. Daga ita sai jaririnta a kan tabarma, sai surukanta biyu, Baba Iliyasu da Inna Laraba.

Baba Iliyasu dai abin dariyar gari ne. Yana soja aka kai shi Kanada a 1976 don ya yi gudu a gasar Olamfik. Kafin a fara, ƙasashen Afirka suka janye, aka dawo da su gida. Samari kan ce, "Baba, har bangon duniya kat tahi, ko taki ɗaya ba ka yi ba!" Shi kuwa sai ya ce, "Mu huɗu ne," a bushe da dariya.

Akwai kuma wasansa da matarsa. Duk sanda zai wuce ta bayanta sai ya ce, "Hannu!" Ita ko waiwaye ba ta yi, ta miƙo hannuwa baya, ya ɗora mata goro ko lauje ko ƙwarya. Raihana kan kau da kai. Tsofaffi da shirme.

Harbin farko ya sami maƙwabcinsu a wuya, yana kwance akuya. Na biyu ya fasa randa. 'Yan bindiga suka banko ƙofa, babbansu ya shaƙi Raihana ya maka ta da katanga har haƙorinta ya fita.

"Ina ɗan Kabiru? Kabiru ya kashe man ƙane. Yau shi ma ya ji."

Idonta ne ya ci amanarta, ya kai kan tabarma. Amma tsohon ya riga kowa. Ya sure jaririn da zanen da aka lulluɓe shi, ya zura ta lungun rumbu, inda Inna Laraba ta durƙusa ta juya baya tana salati. Ya yi wani ihu, ƙarar bindiga ta haɗiye ihun. Sai ga shi ya ɓullo ta ɓarakar darni, ya miƙi hanyar gulbi, zane ƙanƙame a ƙirji.

Wallahi ya yi gudu. Mutum ya haura saba'in, gwiwa duk sanyi, amma ya ratsa fadamar albasa kansa a miƙe, ba waiwaye. 'Yan bindigar duk suka bi shi. Harsashi ya fasa masa kafaɗa, ya yi tangaɗi ya ci gaba. Wani ya shiga cinya, ya ja ƙafar. A bakin gaɓa na uku ya same shi a gadon baya, ya kifa cikin gulbin Rima da abin da ya rungume.

Suka tsaya suna harbin ruwan har ya yi ja. Babbansu ya tofa yawu, suka hau baburansu.

Da rarrafe Raihana ta kai gulbin. Masunta suka jawo gawar, da ƙyar aka ɓamɓare hannuwansa. Zane ne kawai, a dunƙule. Ta faɗa ruwa tana lalube, tana kiran ɗanta, sai da aka fito da ita da ƙarfi aka kai ta gida.

Inna Laraba tana nan inda take, a lungun rumbu.

"Inna, gulbi ya ci man ɗa! Mi ya sa shi gudu da shi?"

Tsohuwar ta ɗaga hijabinta. Jaririn na manne da busasshen nononta, yana tsotsa.

"Gudun da anka kai shi shi yi, na miƙa sanda ne, ɗiyata," in ji ta. "Shi ne na uku. Aikinshi shi miƙa. Ya ce man 'Hannu!', ni ko na karɓa."