Abin da Tsohon Shiling Ya Ce

Ina 'yar shekara tara Baba ya tafi da ni garin Shiling na ƙasar Sin sarin jakunkuna, saboda na fi shi jin Sinanci. Lokacin a Guangzhou nake makaranta. Muka shiga shagon wani tsoho, ko'ina warin sabuwar fata da gam.

Da Baba ya idar da la'asar a bayan kanta, tsohon ya zuba mana shayi. Baba ya ce, "Tambaye shi, shi wa yake bauta wa?"

Na tambaya. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Kalmar da suke faɗa ce idan kaya sun ƙare, wato babu. Ya ƙara da cewa sama da ƙasa da kansu suka samu, ba wanda ya yi su.

Na ƙi fassarawa. Gani nake idan maganar ta fito daga bakina, ni ma na kafirta.

"Uwata, me ya ce?"

"Baba, ba kyau."

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Maganarsa ce, ke aike aka yi."

Na faɗa. Baba ya dubi tsohon, sannan ya ce, "Ce masa ni kuma na ce akwai. Ce masa shayin ya yi daɗi."

Yau ina salla, ina kuma aikin tafinta. Na sha ɗauko maganar da ban yarda da ita ba, ban taɓa rage mata ko harafi ba.