Mai Zauren da Ya Jawo wa Layinsu Kasuwa

Kai da ka ishe mu da zancen a mayar da layinku na kasuwanci, ja benci ka ji abin da ya sami wani magidanci, in ya so sai ka ci gaba da rawar kanka.

Mutumin nan gidansa yana wani layi mai shiru, irin wanda ko akuya ce ta yi atishawa sai an leƙo. Kullum bayan magariba maƙwabta kan fito da kwanukan tuwo, a baje tabarma a ƙofar zaurensa a yi ciyayya. To, rannan ya je bakin titi ya ga yadda ake fasa katanga ana fitar da shaguna, shi ke nan abu ya shiga ransa. Shago ɗaya tak yake so a jikin katangarsa, ya jera sabulu da sukari, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Ma'aikatan tsara gari suka ce ba dama, layin na zaman iyali ne. Gogan naka sai ya ɗaura ɗamara. Ya bi maƙwabta gida-gida da daɗin baki, ya yi ta sintiri a ofis har masu gadi suka daina tambayarsa wurin wa ya zo. Ranar da aka amince kuwa, har goro ya raba.

Abin da bai kawo a ransa ba, hukuma ba ta yi wa katanga ɗaya doka. Layin ta sauya gaba ɗaya. Maƙwabcinsa na dama ya ba mai walda hayar gida ya koma bayan gari. Na hagu ya bar wa mai injin markaɗe. Na gabansa ya zuba masu gyaran babura, baƙin mai ya malale daidai inda ake shimfiɗa tabarma. Ciyayya ta mutu, tunda masu kwanukan duk sun tashi. Shagon nasa kuwa, wani ƙaton kanti ne ya buɗe a bakin layi, yana sayar da sabulu ƙasa da yadda shi yake sarowa.

Ya yi ta haɗiye abin har ranar sunan jikansa na fari. Da safe ya fito da tabarmi a kafaɗa, ya duba gabas ya duba yamma, ba masaka tsinke sai babura. Liman dai a kan tsohuwar taya ya zauna, yana tattare babbar riga. Ana ɗaga hannu za a yi fatiha, injin markaɗe ya tashi. Ya je ya roƙi mai injin ya dakata, shi kuwa ya nuna masa layin mata da bokitan wake. Ragon suna ma da aka ɗaure a ƙofa, sai da aka aiko a janye shi, wai ya tare wa masu sayayya hanya. Ko hula bai gyara ba ya nufi ofis yana huci.

“Ranka ya daɗe, a ce mutum ba shi da ikon shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ubansa?”

Ma'aikacin ya gane shi sarai. Ya ce, “Haba Baba, ai gajiya muka yi da ganinka muka sa hannu. Yanzu kuma sai mu ce duk layi su rufe sana'a saboda tabarmarka?”

Yanzu haka in ka bi ta wurin bayan magariba za ka gan shi cikin shagon, shi kaɗai da kwanon tuwo a cinya, auduga a kunne, yana hararar tartsatsin walda. Shi ya sa magabata suka ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.