Sabon Mai Shafa Gam

Ko hutun rana ba a fita ba, takalma sun taru kamar juji a gaban tsohon da kamfanin takalman ya ɗauka sabon ma'aikaci. Aikin nasa bai wuce ya shafa gam a ƙasan takalmi ya miƙa wa na gaba ba, amma ya gagare shi.

Uwar Layi, mai kula da ɓangaren, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu. Ta dubi hannayen nan nasa masu laushi, ta dubi wuyan rigarsa da ya sha guga har ya fara cinyewa, ta taɓe baki. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce an kawo mata kayan tarihi wai ma'aikaci.

Kamfanin ya canja hannu, kuma sababbin masu shi ba ruwansu da shekarun mutum ko jinsinsa, in dai zai iya aiki. Shi ya sa da tsohon ya gama zaga gari ba wanda ya dube shi, nan aka ɗauke shi gwaji. Ita da kanta ta roƙa a ba ta shi.

Samarin layin sun tausaya masa. Wani har ya ja ta gefe ya ce ta sassauta, ko ba komai ya haife ta. Ta ce Allah ya kiyaye. Manyan matan da suka daɗe a wurin kuwa ko kai ba su ɗaga ba, ɗaya ma murmushi take yi wa keken ɗinkinta.

Ranar da gwajin ya ƙare, gwangwanin gam ya kife masa a ƙafa. Ya matso kusa da ita yana magana ƙasa-ƙasa, wai yana da iyali, ta ƙara masa lokaci, hannunsa zai saba.

"Iyali ba matsalar kamfani ba ce," ta ce. "Bincike ya nuna tsoho da mai ciki ba sa jawo komai sai asara. Ko ƙarya na yi?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta kore shi ba, don kora ta yi masa sauƙi. Sai ta sa aka ja bencinsa zuwa daidai ƙarƙashin ofishin gilashin nan na sama, inda a zamanin da yake manaja ya faɗa mata waɗannan kalmomin, tana tsaye da tsohon ciki, kafin ya sa mai gadi ya raka ta bakin ƙofa.