Mataki na Tara

"Gwada yanzu, Baba," na ce, na kunna masa tsohuwar kwamfutar gidanmu.

Shekara ashirin yana buga wasan jirgi ɗaya a kanta, kuma kullum a mataki na tara yake faɗuwa. Na ɗauka laifin na'urar ne. Shi ya sa na faki idonsa na kai ta wurin mai gyara, aka ƙara mata ƙwaƙwalwa, aka canja madannan da ke maƙalewa.

Baba ya zauna ya fara. Sabbin madannan sun fi hannunsa sauri. Kafin ya ankara, jirgin ya tsallake dutsen da ya saba karo da shi.

"Ka ci, Baba!" Har da tafi na yi.

Bai ko kalle ni ba. Allon ya goge sunan da ke sama, yana jiran sabon zakara ya rubuta nasa.

"Auta, me kika yi? Ai da gangan nake faɗuwa. Sunan nan da makinsa na marigayi yayanki ne. Abin da ya rage mini da hannunsa ya rubuta ke nan."