Hoton Dariyarta

Ta tsaya a ƙofar zaure da kwanon fura a hannu, ta ji saurayinta yana yi wa abokansa bita. Dukkansu aikin haƙori suke koyo a Sakkwato, sun zo Ƙonni hutu, jarrabawa na jiransu.

"Haƙoran da sunka turo gaba haka, mi as sunansu da Ingilishi? Ku maimaita."

Suka maimaita, idanunsu a kan wayarsa.

"Kai, ɗan banza, ina ka samo wanga hoto? Ya hi na littahi!"

"Bari kawai. Na sha wuya kahin ta yarda ta yi dariya."

Tun tana ƙarama a makarantar lakwal yara ke kiran ta zomo, shi ya sa ba ta magana sai da mayafi a baki. Shi kaɗai ya taɓa janye mayafin, ya ce dariyarta ke hana shi barci, ya ɗauki hoto don ya riƙa tunawa da ita.

Ta leƙa wayar. An yanke idanunta, an yanke goshinta. Baki ne kawai, jajayen kibiyoyi na nuna haƙoran.

Ta ajiye furar a hankali, ta mayar da mayafin inda yake.