Ruwan Irin Auduga

Manomin ya tarar da autarsa a bakin bahon da ya jiƙa irin auduga don ya tsiro da wuri. Bakinta jawur. Ta sha ruwan.

Ya saɓe ta sai asibiti, ko takalmi babu.

"Wane maganin ƙwari aka shafa wa irin?" in ji likita.

Bai sani ba. Ya sheƙa kasuwa, ya ci kwalar mai sayar da irin.

"Faɗa min sunan maganin! 'Yata za ta mutu!"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Yafe min, ɗan'uwa. Babu magani a jiki. Kalar abinci na zuba don ya yi tsada."

Manomin ya rungume shi yana kuka.

"Allah ya yi maka albarka, macuci!"